Hangen Dala ba shiga birni ba ne: wa zai faɗa mana sunan itacen da ke cikin hoto?

Kwanakin baya wani ma'aikacin foroje ya kawo mana ziyara a gidan rediyonmu na karkara, yana riƙe da wani babban hoto mai launi da aka ɗauko daga kan wani tudu da ke gabas da garinmu. A cikin hoton ana hangen gonaki har iyakar ganin ido, itatuwa sun bazu cikinsu kamar an watsa tsaba, can ƙasa kuma ga wani dogon layi kore shar yana bin bakin ƙorama. An rubuta a ƙarƙashinsa da Faransanci cewa daji ya dawo. Buƙatar wannan bawan Allah ita ce mu yi shiri na musamman domin jama'a su ji albishir, mu kuwa ba mu ƙi ba. Sai dai kamar yadda muka saba, kafin mu shiga ɗakin watsa shiri muka aika aka kira mana mutum uku daga cikin ƙungiyar masu saurarenmu: wani dattijo manomi, da wani makiyayi, da wata dattijuwa mai sayar da garin kuka da daudawa a kasuwa. Muka shimfiɗa hoton bisa tabarma, kowa ya gyara zama.

Tambayar farko da dattijon ya yi ita ce, a wane wata aka ɗauki hoton? Ma'aikacin ya ce, wallahi Baba ban sani ba, haka aka turo mana shi. Dattijon ya ce ba komai, hoton zai faɗi da kansa. Ya nuna karan hatsi a kwance, ya nuna ƙasa fara fat babu ciyawa, ya nuna hazo a sararin sama, ya ce wannan rani ne. Tun da rani ne kuwa, waɗannan manyan itatuwa masu ganye fari-fari da ke tsakiyar gonaki gao ne, domin shi ne ke cika da ganye lokacin da mafi yawan itatuwan gona suka kaɗe. Makiyayin ya gaskata shi, ya ƙara da cewa a dubi baƙaƙen ɗigon da ke ƙarƙashinsu, ai bisashe ne suke jiran ƴaƴan gao su faɗo. Ita kuwa dattijuwar ta daɗe tana bin hoton da yatsa ba ta ce uffan ba. Da aka ce, Inna me kika gani? Sai ta ce ita abin da ba ta gani ba ne ya dame ta. Ba ta ga ɗorawa ba, ba ta ga danya ba, kuka ma guda biyu kawai ta ƙirga, alhali tana budurwa a nan wurin suke zuwa roron kalwa. Yau kalwar da take daudawa da ita daga kudu ake kawo mata. Game da koren layin bakin ƙorama kuwa, su ukun bakinsu ya zo ɗaya: baƙuwar ƙayar nan ce da ta toshe hanyar mashaya, wadda ke fasa tayar amalanke.

Masu karatu, wannan zama na rabin sa'a shi ne dalilin wannan rubutu. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: hoton da aka ɗauko daga nesa, ko daga kan tudu ne, ko daga jirgin sama, ko daga tauraron ɗan Adam, yana iya ƙirga itatuwa, amma sunan itace da amfaninsa da mai shi suna bakin mutanen da ke zaune ƙarƙashinsa. Duk hukumar da za ta yanke shawara bisa hoto ba tare da ta sauko ta tambaye su ba, to ta yi hangen Dala ne, ba ta shiga birni ba.

Alherin da hoto ya yi mana

Kada wani ya ɗauka muna raina hoto. Mu ƴan Nijar muna cikin waɗanda hoton sama ya wanke a idon duniya. Bayan farin shekarun 1973 da 1974, da na 1984, labarin da ake bayarwa game da ƙasarmu guda ɗaya ne: hamada tana tahowa, manomi yana sare daji, nan gaba kaɗan ba abin da zai rage sai rairayi. Aka yi babban taron Maradi na 1984 kan yaƙi da hamada, aka kashe maƙudan kuɗi wajen renon itatuwa da dashe, mafi yawan dashen kuma ya mutu.

A daidai wannan lokaci manoma suna wani aiki a ɓoye wanda ba ya cikin rahoton kowa. A shekarar 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan a jahar Maradi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon kututture ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku mafi ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya ci gaba da gyara su, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani. A jahar Damagaram kuwa, musamman Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun koma ga renon gao da kansu, abin da dama suka gada, tun da tarihin baka ya nuna cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gao.

Shekaru kusan ashirin aikin yana tafiya, duniya ba ta sani ba. Sai daga wajejen 2004 da wani masani Ba'amurke, Gray Tappan, tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masananmu na gida irin su Mahamane Larwanou, suka ɗauko tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 suka jera su da sababbi. Hotunan ƙauyen Galma da ke jahar Tawa, na 1975 da na 2003, sun zagaya duniya: mutane sun ƙaru, itatuwa kuma sun ƙaru ninkin-ba-ninkin. Ƙiyasin da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa gonaki kimanin hekta miliyon 5 ne suka farfaɗo, da itatuwa wajen miliyon 200, da ƙarin cimaka kusan ton dubu 500 a kowace shekara. Ba don hoto ba, da har yau ana ce wa manominmu mai kashe daji.

Amma a lura da abu ɗaya. Waɗannan masana ba su tsaya a kan tebur ba. Sun shiga mota sun bi ƙauyuka, sun tsaya a gonaki, sun tambayi masu su. A can ne suka san cewa ɗigon da ke hoton Magarya gao ne, na wajen Mirya akwai kuka da yawa, na Maradi kuma sabara da kalgo da taramniya sun fi rinjaye. Hoto ya nuna musu inda za su je, manomi ya faɗa musu abin da suka tarar.

Yadda ido ke gane itace daga nesa

Abin da dattijon nan ya yi a kan tabarmarmu ba duba ba ne. Ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma ya kamata mu jera su domin yaranmu.

Ƙa'ida ta farko ita ce lokaci. Gao ya saba wa sauran itatuwa: da damana yakan zubar da ganye ya tsaya tsirara kamar matacce a tsakiyar koren hatsi, shi ya sa inuwarsa ba ta danne shuka, da kaka kuma ya toho ya yini rani kore. Saboda haka hoton watan Agusta zai iya sa baƙo ya ce gonar cike take da busassun itatuwa, hoton watan Fabrairu kuma ya nuna masa lambu. Kuka akasin haka take, da rani ba ta da ganye ko ɗaya. Aduwa da tsamiya da dogon yaro suna riƙe ganye kusan duk shekara. Wanda bai san watan da aka ɗauki hoto ba, ya rasa rabin amsa.

Ta biyu ita ce sura. Daga gefe, kuka ba ta ɓuya saboda kaurin gindinta. Giginya doguwa ce sambal, da kumburi a tsakiyar jikinta, goriba kuwa takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Kandili na arewa kansa a shimfiɗe yake kamar laima. Tsamiya tana da duhun ganye a dunƙule, aduwa rassanta a hargitse suke suna sunkuyowa. Sabara gajeriya ce mai launin toka. Amma duk wannan daga gefe ne. Idan daga sama aka ɗauko, gindi ya ɓace, tsawo ya ɓace, ba abin da ya rage sai da'ira da inuwarta. Kukar da mata suka sassake domin miya takan fito ƴar ƙarama daga sama, kamar ba ita ce uwar gonar ba.

Ta uku ita ce mazauni. Kowane itace yana da ƙasar da yake so. Giginya tana bin dausayi mai ruwa kusa, shi ya sa dajinta yake a Dallol Mawuri wajen Gaya. Goriba ta ba kwarin Gulbin Kaba sunansa. Bagaruwa tana zama bakin tabki inda ruwa ke kwanciya, gao yana son jigawa da kwari mai zurfin ƙasa, tsamiya sau da yawa a kan tsohon suri ake samunta. Geza da sabara su ne ke yin layi-layi a kan faƙon tuddan yammacin ƙasa, waɗanda daga jirgi suke kama da zane a jikin dabba. Idan ka ga itatuwa a jere kamar sahun masallaci, hannun mutum ne ya dasa, kamar layukan dogon yaro masu kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975.

Ta huɗu ita ce abin da ke kewaye da itacen: dabbobi a ƙarƙashinsa, turbar ƙafa da ta nufe shi, shingen da aka yi masa, rumbu ko rijiya kusa da shi. Makiyayi da waɗannan yake karatu.

Duk da haka, ko gwanin gwanaye yana da iyaka. Dattijonmu da kansa ya nuna wasu itatuwa uku can ƙarshen hoton ya ce ba zai rantse ba, ko kurna ce, ko aduwa, ko ƙaramar tsamiya, sai ya je. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Wannan “sai na je” ita ce kalmar da muke son masu rubuta rahoto su koya.

Na'ura ta iya ƙirga

Yau maganar ta wuce jirgin sama. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake samun hotunansu, sai dai ɗigo ɗaya a cikinsu yana wakiltar fili mai mita 30 a kowane gefe, wanda gao uku za su iya ɓacewa a ciki. Na Turai mai suna Sentinel-2, da aka harba a 2015, ya rage zuwa mita 10. A shekarar 2020 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Martin Brandt na jami'ar Kopanhagen, tare da hukumar NASA, suka yi amfani da hotuna masu ganin rabin mita, suka koya wa kwamfuta gane kan itace, ta ƙirga itatuwa sama da miliyar 1 da miliyon 800 a yammacin Sahara da Sahel, a yankin da taswirori da dama ke nunawa fayau. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, har da ƙasarmu a ciki, aka samu kusan miliyar 10.

Wannan aiki abin yabo ne. To amma me kwamfutar ta gani? Ta ga da'ira kore mai inuwa, ta auna faɗinta. Ba ta raba su ta ce wannan gao ne, wannan tumfafiya ce da ta girma, wannan mangwaron Malam ne. Kuma kafin ta iya ko da ƙirgar, sai da mutum ya zauna ya zagaye kawunan itatuwa kusan dubu 90 da hannunsa yana nuna mata. Abin nufi, na'ura almajira ce, abin da aka biya mata shi take maimaitawa.

Wani zai ce, ai gobe za ta koyi sunayen ma, ga jirage marasa matuƙi, ga manhajojin salula irin su Pl@ntNet da ke faɗin sunan tsiro. Gaskiya ne, kuma muna maraba. Amma manhajar salula sai ka kusanci ganye ko fure ko ɗan itacen take yin abin kirki, wato sai ka je. Wadda za ta gane itace daga sama kuwa tana buƙatar dubban misalai da wani ya tsaya a gindinsu ya tabbatar. Wane ne zai tabbatar a Dakwaro ko Tanut ko Filinge, in ba mai gonar da makiyayin ba? Ashe ko ta wace hanya aka bi, a ƙofarsu za a sauka.

Kore ba shi ne lafiya ba

Me ya sa muka nace a kan suna? Domin a ƙauye ba a cin “itace”. Ana miya da kuka, ana kunu da tsamiya, ana daudawa da kalwar ɗorawa, ana jima da bagaruwa, ana sassaƙa turmi da kirya, ana saƙa tabarma da kaba, ana rufin ɗaki da azarar giginya, ana samun ƙaro daga dakwara, ana kiwo da ƴaƴan gao. A shekarar yunwa ta 2005 mun ga iyalai da suka rayu da anza da ganyen jiga da kuɗin itacen wuta. Gona mai itace 40 duka sabara, da gona mai itace 40 da suka haɗa gao da kuka da magarya da danya, a hoto ɗaya suke. A cikin tukunya da aljihu kuwa tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Masana ma sun tabbatar da abin da dattijuwarmu ta gani da yatsa. A 2013 Stefanie Herrmann da shi Gray Tappan ɗin suka wallafa bincike kan tsakiyar ƙasar Senegal, inda tauraron ɗan Adam ke nuna kore ya ƙaru. Da suka koma wuraren da aka ɗauki hotuna a ƙasa tun shekarun 1980, suka kuma tambayi mazauna, sai suka tarar nau'o'in itatuwa sun ragu, manya sun tafi, ƙananan tsirrai masu jure fari sun maye gurbinsu. Duk wanda ya haura shekara arba'in a karkarar Maradi ko Damagaram ko Doso zai iya lissafa nasa: ina marke, ina kirya, ina kanya, ina ɗorawar da muka sha garinta muna yara? Sassaben zamani yana tayar da abin da kututturensa ko ƙwayarsa ke nan. Abin da ya mutu har saiwa, sai an nemo iri an dasa.

Akwai kuma koren da yake annoba. Ƙayar nan da masana ke kira Prosopis juliflora daga nahiyar Amurka aka kawo ta domin tsayar da rairayi. Ta yi aikin, sannan ta wuce gona da iri, har ta mamaye wurare masu yawa a gadon tabkin Cadi wajen Gigimi, ta shiga fadamu da bakin ƙoramu. Ba mu ce ba ta da amfani ba, ana gawayi da ita, amma mai lambu da mai jirgin ruwa da makiyayi sun san kuɗin da take ci musu. Haka ciyawar garmani da ta cinye burtali da makiyaya a jahohin Maradi da Tawa da Doso: daga sama kore ce shar, a ƙasa kuwa saniya tana ratsa ta da yunwa. Rahoton da zai ƙirga waɗannan cikin nasara, ya yi wa talaka dariya.

Abin da ke cikin haɗari

Da maganar ta tsaya ga gardamar masana, da ba mu ɓata tawada ba. Amma yau bisa hotunan nan ake raba kuɗi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, yana da burin farfaɗo da hekta miliyon 100 kafin 2030, kuma ana amfani da hoton sama wajen auna ci gabansa. Ga kuma masu cinikin iskar karbon, waɗanda ke lissafa abin da itace ya tsotse daga iska su sayar wa kamfanonin ƙetare. Idan ma'aunin kawai faɗin kore ne, to wanda ya dasa turare ko baƙuwar ƙaya mai saurin girma zai fi wanda ya yi shekara goma yana renon kuka samun yabo da lada. Ƙari a kan haka, matsalar tsaro a sassan Tilaberi da Difa da bakin iyakar Maradi ta sa ma'aikata da yawa ba sa iya fita daji kamar da, sai jarabar dogaro da allon kwamfuta ta ƙaru.

Sannan ga maganar mallaka. Tun dokar Turawan mulkin mallaka ta 1935, da dokar daji ta 1974, manomi ya tashi da sanin cewa itace na gwamnati ne ko da a gonarsa ya tsiro, kuma yana iya shan tara idan ya taɓa gao. Shi ya sa da yawa suka riƙa kashe toho tun yana ƙarami, don kada ya zame musu ƙaya. Itatuwa sun dawo ne lokacin da manomi ya fara jin cewa abin da ya rena nasa ne. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar daji ta 2004 sun sassauta, sannan dokar 30 ga watan Yuli 2020 kan sassaben zamani ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Hoto daga sama ba ya nuna iyakar gona, ba ya nuna cewa wannan kukar ta gado ce ta mata uku, ba ya nuna burtali. Ranar da wani zai zo da taswira ya ce wannan koren “daji” ne, ya sa hannu a kan yarjejeniya da sunansa, ranar manomi zai koma wa gatarinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya kamata a fara tambaya kafin a hau rufin.

Laifinmu mu ma

Ba za mu ɗora komai a kan baƙi da ma'aikata ba. Bayan wancan zama, mun gwada wani abu: muka nuna hoton ga wasu samari ƴan makaranta da ke zuwa gaishe-gaishe a gidan rediyo. Sun gane dogon yaro, sun gane kuka, wasu sun gane gao. Daga nan sai “itace” kawai. Da muka ambaci taramniya da farar ƙaya da gawasa, wasu suka yi dariya kamar muna wani yare. Yaron da ya san sunayen ƴan ƙwallon Ispaniya goma sha ɗaya bai san itatuwa goma na gonar ubansa ba. Mu ƴan rediyo muna da kaso a wannan, domin sau nawa muka ba dattijai fili su yi wannan karatu, idan aka kwatanta da sa'o'in da muke ba waƙa da gaisuwa? Kowace ranar 3 ga watan Agusta, tun 1975, muna watsa bikin dashen itace, mu faɗi adadin da aka dasa, ba mu cika tambayar wane iri ba ne, balle mu koma bayan shekara mu ga nawa suka rayu.

Shawarwarinmu

Na farko, duk hoton da foroje ko ma'aikata za su nuna wa jama'a ko masu ba da tallafi, a rubuta wurin da aka ɗauke shi, da wata, da shekara, da sunayen itatuwan da suka fi yawa a ciki. Hoton “kafin aiki” na watan Afrilu da hoton “bayan aiki” na watan Satumba yaudara ce, ko da ba da niyya aka yi ba.

Na biyu, kada a karɓi rahoton farfaɗo da ƙasa sai an taka wurin tare da kwamitin ƙauye, kuma kwamitin ya ƙunshi mata da makiyaya, domin kowannensu da abin da idonsa ke nema. Inda tsaro ya hana ma'aikaci zuwa, mutanen wurin suna da salula, a koya musu ɗaukar hoton itace da faɗin sunansa. A kuma biya su ladan wannan aiki kamar yadda ake biyan kowane masani, tun da iliminsu ne ake zubawa cikin na'ura.

Na uku, a dawo mana da hotunanmu. Hotunan 1975 da na yau na kowace karamar hukuma ya kamata a buga su a manna a ofishin magajin gari da makarantu da fadar hakimi, mutane su ga gonakinsu, su gyara kuskuren da ke ciki.

Na huɗu, tun da kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ɗaga matsayin Hausa zuwa harshen ƙasa, a fara da abu mai sauƙi: kowace gunduma ta samu ɗan littafin itatuwanta da hotuna, na kusa da na nesa, na rani da na damana, da sunaye cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, malamai su riƙa fita da yara bayan gari suna nunawa.

Na biyar, masu gandun renon itace su tambayi ƙauye abin da ya ɓace kafin su cika leda da abin da ya fi sauƙin tsirowa.

Mu a namu ɓangaren mun buɗe fili na mako-mako, inda dattijo ko dattijuwa za su ɗauki itace guda su faɗi yadda ake gane shi daga nesa, da inda yake tsirowa, da amfaninsa, da inda na ƙarshe ya rage a yankinmu. Muna kira ga takwarorinmu na sauran gidajen rediyon karkara su yi haka, mu riƙa musayar shirye-shiryen, kuma duk mai tsohon hoton biki ko na kasuwa da itatuwa suka fito a bayansa ya kawo mu gani, mu koma wurin mu sake ɗauka.

Shi kuwa ma'aikacin da ya kawo mana hoton, mun yaba masa, domin bai yi fushi ba. Ya naɗe hotonsa, ya ce Baba, gobe in Allah ya kai mu ku raka ni tudun nan. Washegari suka tafi su huɗu a kan amalanke, suka wuni. Itatuwa ukun da dattijo ya ƙi rantsewa a kansu, biyu aduwa ne, ɗaya kurna. Shirin da muka watsa daga baya ya faɗi albishir ɗin gao, ya faɗi kukan ɗorawa, ya kuma faɗi maganar ƙayar da ta toshe mashaya, wadda yanzu take gaban majalisar ƙaramar hukumarmu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa shugabanninmu su riƙa saukowa daga tudu.